Sarakuna biyu da katin awonki: Sejong na Koriya da Dikko na Katsina

 Idan kina cikin masu kai waya wurin masu turi a cika miki ita da fina-finan Koriya, to yau hirar ta zo gidanki. Idan kuma ba kya kallo, kada ki wuce, domin daga Koriya a Katsina za mu sauka, mu biyo hanyar Kurfi mu dawo gida Dutsin-Ma.

Wani dare ina aikin kwana a ɗakin masu jego, wajen ƙarfe 2, ɗakin ya yi tsit in ban da kukan jariri jefi-jefi. Wata baiwar Allah da ke jinyar ƙanwarta, wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, ta shimfiɗa tabarma a bakin gado, ta rage muryar waya tana kallo. Na zo duba ƙarin ruwan da aka sa wa ƙanwar, sai idona ya kai kan wayar. Wani sarki ne cikin jar riga, takardu jibge a gabansa, yana buɗe baki yana shafa maƙogwaronsa kamar mai ciwon wuya.

Ta ce, "Sista, kin ga wannan? Tun ɗazu ba yaƙi ba soyayya, wai haruffa yake ƙirƙira. Anya kuwa an yi shi da gaske?"

Na yi dariya na ce ta bari in dubo mata. Da na sauka daga aiki na dubo, kuma abin da na tarar ya hana ni barcin safiyar nan.

An yi shi. Sunansa Sejong, sarki na 4 a daular Joseon. An haife shi a 1397, ya hau mulki a 1418 yana da shekara 21, ya rasu a 1450. Ba shi ne babba a gidansu ba, shi ne ɗa na 3 wurin sarauniya, sai da aka tuɓe yayansa daga matsayin mai jiran gado sannan abin ya faɗo kansa. Yau hotonsa ne a takardar kuɗin Koriya ta Kudu ta won 10,000, akwai ƙaton mutum-mutuminsa a tsakiyar birnin Seoul, akwai sabon birni sukutum mai sunansa, kuma tun 1989 hukumar UNESCO take ba da kyautar yaƙi da jahilci da sunansa.

Duk wannan bai tsayar da ni ba. Abin da ya tsayar da ni hutun haihuwa ne.

A zamanin, gwamnatin Joseon tana da bayi mata da ke yi wa ofisoshinta bauta. Idan ɗayarsu ta haihu, kwana 7 ake ba ta, sai ta koma bakin aiki. Ki tuna yadda jikinki yake ranar suna, sannan ki ɗauka washegari za ki tashi ki ɗauki kaya. A 1426 Sejong ya mayar da hutun kwana 100. A 1430 ya ƙara musu wata guda kafin haihuwa, saboda ana samun wadda naƙuda ke kamawa a wurin aiki, ta haihu a hanya kafin ta kai gida. A 1434 kuma ya ba mazajensu hutun kwana 30, domin ya lura mai jego da ba ta da mai kula da ita tana iya rasa ranta.

Na zauna na yi lissafi. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya a Najeriya yau kwana 112 take samu. Baiwar Joseon tana da kwana 130. Magidancin da ke aikin tarayya kwana 14 aka amince masa, shi ma ba a daɗe da farawa ba. Yawancin matan da nake karɓa kuwa ba su san wani hutu ba sai na arba'in, shi ma in an dace da uwa ko gwaggo da za ta zo ta zauna, ko an tafi wanka gida.

Sai maganar haruffan. Mutanen Koriya da harshensu suke magana, amma da rubutun Sinawa suke rubutu. Rubutun nan alamomi ne dubbai, kowace da ma'anarta, mutum sai ya share shekaru yana haddacewa. Wa ke da wannan lokacin? 'Ya'yan manya maza. Manomi ba ya iya karanta dokar da za a hukunta shi da ita, mace ba ta iya aika wa iyayenta wasiƙa. A 1443 Sejong ya kammala tsara haruffa 28, aka fitar da su ga jama'a a 1446. Su ne ake kira Hangul yanzu, kuma 24 daga ciki ake amfani da su: baƙaƙe 14, wasula 10. Shafa maƙogwaron nan da muka gani a fim yana da tushe, domin an zana manyan baƙaƙen ne bisa siffar harshe da leɓe da haƙori da maƙogwaro a lokacin furta su.

Kina tsammani an yi masa godiya? Malaman fada ne suka fara tayar masa. A 1444 wani babba a cikinsu, Choe Man-ri, ya rubuto takardar ƙin amincewa, a ganinsa barin rubutun Sinawa zubar da daraja ne. Bayan rasuwar Sejong manya suka ci gaba da rubutunsu na da, suka raina sabon, har ana yi masa laƙabi da rubutun mata. A 1504 wani sarki ma ya hana amfani da shi, saboda an yi amfani da shi an liƙa takardun sukarsa. Sai a 1894 ya shiga takardun gwamnati. Shekara kusan 450 ke nan, kuma cikin waɗanda suka riƙe shi a tsawon wannan lokaci mata na gaba-gaba: wasiƙar uwa zuwa ga 'yarta da ke gidan miji, bayanin girki, labaran da ake kwafa da hannu ana ba juna aro. Yanzu ranar 9 ga Oktoba hutu ce a Koriya ta Kudu saboda waɗannan haruffa.

Ya yi wasu abubuwan. A 1433 aka haɗa littafin magungunan da ke tsirowa a ƙasar, domin na Sin sun yi wa talaka tsada, a 1434 aka haɗa wani kan goyon ciki da haihuwa. A 1441 suka ƙera ma'aunin ruwan sama. Da zai sauya tsarin haraji a 1430, sai da aka tambayi mutum sama da 170,000. Amma kada fim ya ruɗe ki, ba waliyyi ba ne. Bayin nan da ya ba hutu bai 'yanta su ba, kuma a zamaninsa aka kafa dokar da ta hana talaka kai ƙarar mai mulkin yankinsa. Ta fuskar aikina kuma, mutum ne mai son nama, mai yawan zama, ya yi ƙiba, ƙishirwa ta dame shi, ganinsa ya yi ta raguwa har ya rasu yana da shekara 52. Likitoci da dama da suka karanta tarihinsa ciwon suga suke zargi. Da a asibitinmu ne, da na tura shi gwaji tun da wuri.

To, mu fa?

Tambayar da ta zauna mini ke nan. A cikin sarakunanmu, wane ne aikinsa ya iso har ɗakin da nake aiki? Ƙarnin da Sejong ya yi mulki shi ne ƙarnin Muhammadu Korau a Katsina, wanda ake danganta hasumiyar Gobarau da zamaninsa. Amma wanda zan iya bin sawunsa tun daga fada har bakin gadon mai jego, na kusa ne: Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko. Da yawa cikin yaranmu sunan filin wasa kawai suka san shi da shi.

An haifi Dikko a 1865, ɗan Durbi Giɗaɗo, daga zuriyar Sulluɓawa. Shi ma ya riƙe sarautar Durbi, wadda ke cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗakanmu na Dutsin-Ma. Ba gidansu ke sarautar Katsina ba a lokacin. Tun jihadi Dallazawa ne ke kai, zuriyar Ummarun Dallaje. A 1903 Gwamna Lugga ya shigo birni ta Ƙofar 'Yanɗaka. Shekara ɗaya bayan haka Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar suka naɗa Yero, a 1906 shi ma suka tuɓe shi. Durbi Dikko ne ke tsakanin fada da bariki, shi ke biyan buƙatun Turawa na abinci da ma'aikata, kuma jami'insu na Katsina, Palmer, ya yarda da shi. Sai aka ba shi sarautar. Ya yi shekara 37 da 'yan watanni a kai, ya rasu a 1944. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman.

Ba zan ɓoye miki ba, yadda ya hau karagar nan har yau magana biyu ce. Akwai masu cewa ya ga inda zamani ya dosa ya tare shi don kada ya tattake jama'arsa. Akwai masu cewa Turawa sun samu wanda zai yi musu aiki ne kawai. Ni a nawa ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma ba sai mun share ɗaya ba kafin mu duba abin da ya yi da kujerar.

A Katsina aka fara kafa Baitulmali na En'e a Arewa, a farkon mulkinsa. Ma'anarsa, kuɗin haraji su shiga asusu ɗaya, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, ragowar a yi aiki da su. Ki riƙe wannan, domin duk ginin da zan ambata nan gaba, harajin manomi da jangalin makiyayi ne a cikinsa. Kakanninki na Kurfi da Tsauri da Dutsin-Ma sun biya, wani da sayar da akuya, wani da sayar da hatsin da zai ci. Ba kyauta aka yi mana ba.

A 1921 ya yi abin da sarki mai ci a Arewa bai saba yi ba: ya bar ƙasarsa ya tafi aikin Hajji. Ta Ingila ya bi a jirgin ruwa, ya gana da Sarki George na 5, sannan ya wuce Makka. Ya sake komawa Ingila sau da dama bayan nan. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa, aka buga a Zariya a 1951. Daga abin da ya ƙaunata har da wasan folo, wanda ya zama gadon gidan.

A daidai wannan lokaci aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Abubakar Imam, duk nan suka yi karatu. Haka Isa Kaita, wanda kwalejin ilimi ta nan Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau, tsohon ginin kuma ya zama gidan tarihi. Wannan labarin kowa ya san shi. Ki sake karanta sunayen dai. Babu mace ko ɗaya.

Labarin da ba a cika ba mu ba shi ne na 1930. A shekarar aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a ƙarƙashin En'e a duk faɗin Arewa, guda biyu rak, ɗaya a Kano ɗaya a Katsina. Ta Katsina da goyon bayan Dikko ta tsaya, ƙarƙashin kulawar fada, Turawa mata ke koyarwa. Ana koya musu karatu da rubutu, da ɗinki, da tsafta, da renon yara.

Ki ɗan tsaya ki auna nauyin abin a lokacinsa. Zamani ne da ake kallon boko a matsayin hanyar fita daga addini. Dattawa suna ba da labarin yadda in an ce mai gari ya kawo ɗansa makaranta, sai ya ɓoye nasa ya tura ɗan baransa. Ɗa namiji ke nan. Ina ga 'ya mace, wadda ake shirin kai ta ɗaki da ta fara girma? Da Bature ne kaɗai ya zo da maganar, da ta mutu a zaure. Amma sarki ne da ya je Makka ya dawo, ya ce a yi, kuma daga gidajen sarauta aka fara ɗibar yaran. Wanda zai ce haramun ne sai ya fara tunanin wa yake gaya wa.

Ba zan kambama makarantar fiye da yadda take ba. Ɗalibanta kaɗan ne, yawanci 'ya'yan fada da na masu sarauta da na barorinsu, da yawa kuma aure ke ɗauke su kafin karatun ya nuna. Turawan ma ba likitoci ko alƙalai suke son fitarwa ba, matan gida suke so waɗanda za su dace da samarin da ke fitowa daga kwaleji. Amma yarinyar da ta iya haɗa baƙi da wasali don ta karanta darasin tsafta, ba mai hana ta karanta wani abin. Kowace malamar makaranta da kowace ungozoma da kika sani a jihar nan, idan kika bi zaren baya, zai kai ki ƙofar nan da aka buɗe a 1930. Ni ma nan nawa ya kai ni.

Ta fannin lafiya kuma, a zamaninsa En'e ta samu asibitinta a birni, aka kuma kafa mazaunin masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kan hanyar Batsari, wanda a shekarun 1930 aka shigo da 'yan mishan na SIM su gudanar. Dubi yadda Allah ke juya abu. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga don aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba su da mai duba su. Ya fara yi musu aiki. Yau wurin ya zama cibiyar ƙasa ta masu wannan lalura, kuma kyauta ake yin aikin.

Tunda na taɓo nan, bari in faɗa, ko da na kauce kaɗan. Yoyon fitsari ba jifa ba ne, ba kuma sakamakon wani laifi ba ne. Doguwar naƙuda ke kawo mafi yawansa. Kan jariri ya tokare ya danne mafitsara a jikin ƙashi na sa'o'i masu yawa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Idan mace ta wuni ko ta kwana tana naƙuda ba ta sauka ba, maganar jira ta ƙare, a nemi mota. Idan kuma kin san wadda ke ɓoye a ɗaki da wannan ciwo, ki gaya mata ana gyarawa.

Da na ajiye sarakunan nan biyu kusa da juna, bambancin da na gani shi ne inda kowa ya fara. Sejong ya yi haruffansa don na ƙasa, manya suka ƙi, mata da talakawa suka ɗauka. Karatun da Dikko ya buɗe wa ƙofa daga sama ya fara, daga fada, kuma ya daɗe a can kafin ya gangaro. Daga birnin Katsina zuwa Kurfi tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, amma akwai ƙauyukan da abin da aka fara a 1930 bai gama isa ba har yau. A garin da ke da jami'ar tarayya tun 2011, ina karɓar matan da ke miƙo mini katin awonsu a juye.

Kwanakin baya wata mata daga wani ƙauye bayan Kurfi ta kawo ɗanta, ɗan shekara 2, ya galabaita yana ta amai. An ba ta magungunan ruwa kwalba biyu, ɗaya sau 3 a rana, ɗaya sau 1. An rubuta a jiki, an kuma yi mata bayani. Kafin ta isa gida, ga rana ga goyo ga tunanin abin da za a ci, sai ta juya su. Kwana 2 tana ɗura masa na sau 1 har sau 3. Allah ya kiyaye, yaron ya tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda take ta ba ni haƙuri, tana cewa, "Malama, laifina ne, kaina ne ba ya riƙe abu." Kanta lafiya lau yake. Matar da ke riƙe lissafin adashin mutum 20 a ka ba za a ce kanta ba ya riƙe abu ba. Ba a koya mata ba ne kawai.

Muna da dabarunmu. Mukan ja layi uku a jikin kwali, ko mu zana rana da wata, ko mu ɗaura zare a wuyan kwalba ɗaya. Suna taimakawa, amma dabarar ba ta wuce kwalbar da ke hannu. Da matar nan ta dawo bayan mako 2, da 'yar mijinta ta zo, yarinya 'yar aji 4 a firamare. Na miƙa wa yarinyar takardar, ta bi ta da yatsa a hankali, ta karanta, ta juya ta gaya wa matar ubanta. Ban ja layi ko ɗaya ba ranar.

Ke da ke karanta wannan a waya, kin riga kin haye. Shi ya sa nake miki maganar. Ki duba gidanki: wace ce ba ta iya ba? Wataƙila abokiyar zamanki ce, ko yarinyar da ke miki aiki, ko 'yar riƙon da aka kawo miki daga ƙauye, ko mahaifiyarki. Yawancinsu suna da waya, amma da saƙon murya suke rayuwa, lambar mutum kuma da hotonsa ko da ƙarshen lambobin suke gane ta. Mun yi sa'a irin ta mutanen Koriya, domin Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya ke sauya murya sau uku. Wadda ta yi makarantar allo ma ta riga ta san cewa alama na ɗauke da sauti, rabin aikin ya ƙare. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu mace ta koyar da mace a cikin gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi shi da 'Yan Taru tun kafin a haifi Dikko.

Idan kina neman littafin farawa, katin awo ya isa. Akwai sunanta a kai. Akwai ranar da za ta dawo. Akwai watan da ake sa ran haihuwa. Akwai awon jini, lambobi biyu ɗaya bisa ɗaya, wanda idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ba abin a bari sai wani zuwan ba ne, musamman in da ciwon kai ko kumburin fuska ko gani dishi-dishi, domin hanyar jijjiga ke nan. Matar da ta iya gane waɗannan abubuwa huɗu a katinta ta fi ƙarfin a ce mata "ba komai" ta koma gida.

Sai maganar 'ya'yanmu mata. Sau nawa magidanci ya tsaya mini a ƙofar ɗakin haihuwa yana cewa shi namiji ba zai duba masa iyali ba? Ina girmama wannan, kuma in da hali mace muke nema masa. Amma wani lokacin nakan tambaye shi cikin ladabi, "Alhaji, 'yarka aji nawa take?" Sai ka ji an cire ta tun aji 2 na sakandare. To macen da zai tarar a ɗakin nan cikin dare, 'yar wa yake so ta zama? Makarantar koyon aikin jinya tana Katsina, ta ungozoma tana Malumfashi, na kiwon lafiya suna Kankiya da Daura. Abin da suke nema kiredit 5 ne: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku, wato bayoloji da kemistiri da fiziks. Yarinyar da ba ta gama sakandare ba, ko ba ta ɗauki ajin kimiyya ba, ƙofar ta rufe mata tun tana 'yar shekara 15, sau da yawa ba tare da uwarta ta san an rufe ba. Ki tambayi 'yarki yau wane aji aka sa ta.

Na san abin da za ki ce, kuma ba zan yi miki wa'azi a kansa ba. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, wace uwa ce a yankin nan ke barci da ido biyu rufe in ɗanta na makarantar kwana? Waɗanda ke ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari sun ga abin da mu na cikin gari labarinsa kawai muke ji. Uwar da ta dawo da 'yarta gida don tsoro ba ta yi laifi ba. Roƙona dai kada dawowar ta zama ƙarshen karatun. Akwai ta jeka-ka-dawo, akwai 'yan'uwa a cikin gari da za a iya ajiye ta wurinsu, akwai Islamiyyar da ke haɗawa da boko. Dikko ma ba a lokacin kwanciyar hankali ya buɗe tasa ba, ƙasar tana hannun baƙi, jama'a na zargin duk abin da ya fito daga bariki.

Dare na uku na koma aiki, mai jinyar nan tana nan, ƙanwarta ta fara takawa. Na zauna a gefen tabarmarta na ba ta labarin duka, tun daga bayin Joseon har Babbar Ruga. Da na zo kan hutun kwana 30 na mazaje sai ta kwashe da dariya har ta toshe baki don kada ta tashi jarirai. Ta ce, "Sista, don Allah ki faɗi wannan a murya in tura wa maigidan ƙanwata. Tun ranar da aka yi aikin nan sau ɗaya ya leƙo."

Can kuma ta yi shiru, tana juya wayar a hannu. Ta ce ita fa shi ya sa take sayen mai fassarar Hausa, domin rubutun da ke gudu a ƙasan fim ba ta san me yake cewa ba. An sa ta a firamare, ta yi shekara ɗaya aka cire ta ta riƙa talla.

Na yago bayan kwalin safar hannu, na rubuta mata sunanta da manyan baƙaƙe, haruffa biyar. Na nuna mata inda harafi ɗaya ya fito sau biyu. Ta bi su da farce, ta sake bi, sannan ta ninke takardar ta cusa a bayan rigar wayarta. Gado na 4 ya kira, na tashi.